Riyalolin da Suka Kwana a Ƙugun Abarshi

Ku yaran yanzu kuna wucewa kuna ganina zaune a gindin bango da ɗan tabur ɗina, kuna cewa tsoho ya sami sana'ar hutu: a ajiye tsohon kuɗin azurfa ya yi datti, a sayar wa nasara. Ɗayanku har ya nuna mini a salularsa yadda ake jefa riyal cikin leda tare da dafaffen ƙwai, kafin shayi ya tafasa ya yi baƙi. To, baƙi kam ya yi, ban musa ba. Gindin tukunya ma baƙi ne, amma ban taɓa ganin wanda ya hau jirgi ya zo Agadas don ya saye shi ba.

Aikina na farko a wurin maigidana Attahir wanki ne. Shi maƙerin fari ne, mai ƙera azurfa, butik ɗinsa, wato shagonsa, na bakin tsohuwar kasuwa. Mata kan kawo masa riyal, wato babban kuɗin azurfan nan mai hoton kan wata tsohuwa mai ƙiba wanda ayari suka shigo da shi tun zamanin kakanni, ya narka ya ƙera musu zobe da awarwaro da abin wuya. Shi ke da zugazugi da awartaki da magagari. Ni kayan aikina toka ne da lemun tsami da tsumma. Duk riyal ɗin da ya shigo sai na dirje shi ya yi fari fat, domin a garin nan azurfa mai duhu abin kunya ce, ba a nuna ta ga baƙo. Na yi shekaru ina dirza har fatar yatsuna ta zama kamar ta majemi.

Wata rana wani nasara mai jan hanci ya shigo, ya sa hannu cikin gwangwanin riyalolin da ban kai gare su ba tukuna, ya zaro wani da ya yi shuɗi-shuɗi a gefe. Ya fiddo lup, ɗan madubin nan mai ƙara girman abu, ya kafa a ido ya yi ta kallo yana lumshe ɗayan idon. Maigida ya ji kunya ta kama shi, baƙo ya kama kayansa da datti. Ya karɓe riyal ɗin cikin ladabi ya miƙo mini ta baya, ya zaunar da nasara ya zuba masa shayi. Ni kuwa na yi aikina da zuciya ɗaya, na kawo shi yana ƙyalli. Nasaran nan ya dubi riyal, ya dube ni, ya dafe kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Maigida ya raɗa mini, "Idi, wanga mutum ba shi da lahiya. Ƙara mishi shayi."

Da ya farfaɗo sai ya koma cikin gwangwani ya zaɓi wasu masu datti, ya hana kowa taɓa su, ya biya abin da ko zoben amarya bai taɓa kawo mana ba. Da ya fita maigida ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce, "Daga yau kada ka sake wanke komi cikin butik ɗin ga. In ta kama, har hannunka ka bari."

Daga nan na fara koyon ainihin sana'ar, kuma ba wanda ya koya mini sai riyalolin da kansu. Duk wanda aka kawo, kafin in tambayi kuɗinsa sai in tambayi inda ya kwana. Mu a bakinmu ba ma cewa ya yi datti, cewa muke ya nuna, kamar dabino. Kuma nunar tana da tsari. Yakan fara da ruwan zuma a gefe, ya koma ja-ja, ya shiga shunayya, sannan shuɗi. In aka bar shi ya wuce nan sai ya faɗa baƙi ƙirin, daga nan kuma ba ya dawowa, sai dai tukunyar narki.

Akwai wani ɗan ayari da ya kawo mini riyalolin ubansa daga Bilma, sun yi shekaru cikin buhu ɗaya da gishiri. Sun yi toka-toka, da ɗigo-ɗigo kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda, ba haske ko kaɗan. Gishiri ba ya rina azurfa, cinta yake. Wata tsohuwa kuma ta kawo nata da ta ƙulle cikin leda ta ɗaure da igiyar danƙo. Ledar ta zuba musu wani kore mai yauƙi, danƙon kuma ya bar baƙin layi a tsakiyar fuskar tsohuwar riyal, kamar an yi mata bille. Wanda ya kwana cikin takarda gefensa kaɗai ke nuna, tsakiya ta zauna fara. Wanda aka binne a ɗaki yakan fito da gefe ɗaya mai kyau, ɗayan kamar an toya. Wanda aka naɗe cikin bargon ulu yana saurin nuna, amma in ka yi sakaci ya zarce. Jakar fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa ita ce ta fi, in an rataye ta inda hayaƙin girki ke ɗan shafarta ba tare da ya turnuƙe ta ba.

Babban abokin gabanmu kuwa shi ne garin nan da kansa. Iskar Agadas busasshiya ce, azurfa kuma ba ta nuna sai da ɗan laima. Riyal zai iya yin rabin rayuwar mutum cikin akwati a nan ya fito kamar jiya aka buga shi. Shi ya sa nake dariya in kun ce ajiyewa kawai ake. Na ƙwai da leda da kuke taƙama da shi, launinsa a sama yake zaune kamar shafen hoda, ya rufe rubutu da hoto bai ɗaya. Na gaske yakan shiga lungunan rubutu ya bar tudu da haske. Mai lup da kallo ɗaya yake ganewa, ya ajiye maka kayanka ya ce maka sai an jima. Ni ban taɓa yi wa kiliya, wato mai saye, ƙarya ba. Riyal tsoho ne, launi kuma na gaske ne. Inda ya kwana ne kawai ba kowa nake gaya wa ba.

Riyal mafi kyau da na taɓa gani Abarshi ne ya kawo mini shi, bayan maigida ya rasu butik ya dawo hannuna. Abarshi abokina ne tun ƙuruciya, shufer ɗin kamiyo, wato direban babbar mota, yana ɗaukar gawayin ƙasa daga wajen Anu Araren ya yi kudu da shi. Ƙato ne mai tumbi, mai gumi ko da sanyi. Abincinsa a hanya dafaffen ƙwai ne da ɗanyar albasa da gishiri, masu ƙwan Adarbisinat in sun hango kamiyonsa tun daga nesa suke fara ɓare masa. Ya zo ne in narka riyal ɗin gadon uwarsa in yi wa matarsa Mariyama zobe. Ya kwance lalitar fata daga ƙugunsa ya zazzage mini shi a tafin hannu. Ruwan zuma a gefe, shunayya a ciki, shuɗi a tsakiya yana sauyawa in ka juya shi, kamar wuyan tantabara.

Na ce, "Abarshi, ina wanga ya kwana?"

Ya ce, "Ina kuwa? Nan ga ƙuguna. Ka yi haƙuri da dattin, ban samu na wanke ba."

Na yi wa Mariyama zobe da wata azurfar, na riƙe wannan. Wani tsohon nasara mai zuwa aiki garin nan lokaci-lokaci ya gan shi, ya ɗauka ya kafa masa lup. Bai yi ciniki ba.

Sai na shiga bincike. Na sa riyal cikin lalita iri ɗaya na rataye a kamiyon ba tare da Abarshi ba, ya dawo da ƙura kawai. Na ɗaura wa wani shufer ɗin, ya dawo da launin bakin jaki. Na ɗaura wa kaina, na ci ƙwai da albasa har iyalina suka fara shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, riyal ko gezau. Sai da na haƙura na yarda cewa abin haɗuwa ce: fatar bagaruwa, ƙurar gawayi, zafin kujerar kamiyo, ƙwai da albasa, da gumin Abarshi. In ka cire ɗaya, sauran ba sa aiki. Daga nan muka ƙulla. Nakan ɗaura masa ɗaya ko biyu, ya yi ta yawo da su tsakanin damina da damina, in sun nuna in cire, mu raba abin da Allah ya kawo. Mutane suna da ɗakin ajiya, ni nawa yana da ƙafafu kuma yana tuƙa kamiyo.

Sai mummunar shekara ta zo. Hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, turis masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa kamar an share su da tsintsiya. Maƙera suka koma gyaran murhu, masu rakiyar baƙi suka koma sayar da katin salula. Ɗan mai gidan da butik ɗina yake ciki ya fara zuwa yana auna bango da ido, yana cewa wurin zai yi kyau da sayar da salula. Ya ba ni zuwa ƙarshen sanyi, in ban tsaya da ƙafafuna ba in kwashe. Butik ɗin nan a cikinsa na koyi riƙe awartaki, a cikinsa maigida ya tsufa, gurbin da gwiwarsa ta yi a ƙasa yana nan kusa da uwar maƙera. Ban so in zama wanda ya rasa shi.

Ana haka tsohon nasaran nan ya kira ni a salula. Ya ce zai zo aikinsa na ƙarshe cikin sanyi, daga nan ba zai sake dawowa ba, duk irin wancan riyal ɗin da nake da shi zai kwashe. Na tattara duk riyalolin kirki da suka rage mini, na sa majemi ya ɗinka mini ɗamarar fata mai aljihuna jere, na ɗaura wa Abarshi a ƙarƙashin riga. Ya tsaya yana nishi kamar raƙumin da aka yi wa lodi.

Na ce, "Kada kowa ya san abin da ke ciki. Dukiya ce, hanya kuma ka san yadda take."

Ya ce, "Mariyama hwa? Ita ka ganina ba riga."

Na ce, "Kai ka san yadda za ka yi da iyalinka."

Ƙa'idar sana'a ita ce ba a yawan buɗewa, domin yatsa yana barin tabo. Na daure har damina ta wuce, sannan na kira shi bayan butik na buɗe aljihu ɗaya. Fari. Na buɗe na biyu. Fari fat, har ya fi yadda na sa shi. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Ka rage ƙwai?"

Ya ce, "Wallahi ban rage ba."

"Albasa?"

"Tambayi yaron motata, a bisa kaya yake kwana saboda ni."

"Ko wanka ka ƙara?"

Ya ɓata rai ya ce, "Idi, kada ka zage ni."

Na ce to ƙarfin ne ya ragu, tsufa ya fara, sai a ƙara wuta. Na shiga saya masa ƙwai da kaina. Duk safiyar da yake gari zai zo ya zauna a bakin butik, ni ina ɓarewa ina barbaɗa gishiri, shi yana haɗiya, maƙwabta suna kallo suna cewa ba su taɓa ganin amana irin tamu ba. Na saya masa rigar ulu ya riƙa sawa a ƙarƙashin riga don gumi ya ƙaru. Na hana shi buɗe tagar kamiyo. Mutumin nan bai taɓa ce mini a'a ba, ya san abin da butik ɗin yake a wurina. Da na sake buɗewa bayan an fara sanyi, riyalolin har ɗaukar ido suke. Na fara tunanin ko hannu aka sa mini.

Amsar da ƙafarta ta zo. Wata hantsi ina zaune sai ga Mariyama, lulluɓe, da ɗamarar a hannunta. Ba ta taɓa tako butik ɗina ba. Ta gaishe ni a taƙaice, ta ajiye ɗamarar a kan uwar maƙera.

Ta ce, "Malam Idi, ga maganinka. Ya yi aikinshi, Allah shi saka."

Na ce, "Wane magani, uwargida?"

"Na ciwon bayan mana. Baban su Sani ya ce kai ka ba shi, azurhwa ce mai jan ciwo."

Ashe abin da ya ga ya fi sauƙin gaya mata ke nan. Ita kuwa, kamar kowace 'yar garin nan, ta tashi da sanin cewa azurfa in ta yi duhu a jikin mutum cuta ta tsotsa. Ranar Juma'a ta farko da ya kwance ɗamarar zai yi wanka ya tafi masallaci, ta leƙa ta ga gefen riyalolin ya fara ja.

Ta ce, "Na ce to, sun cika. In ba a zubar ba, ina za su sa wata cutar? Sai na samu toka da lemun tsami. Duk Juma'ar da yake gida ban taɓa hwashi ba, ɗaya-ɗaya nike bi, har lungunan rubutun nike sa tsinke. Ban gaya mishi ba don kada hankalinshi shi tashi."

Na miƙa hannu na jawo ɗamarar.

Ta ce, "Amma kwanan ga abin ya hi ƙarhina. In na wanke Juma'a, kahin wata Juma'ar sun yi shuɗi. Na ce wagga cuta ta wuce toka. Jiya na ɗaura zane na ce ko shi tahi likita da ƙahwarshi, ko in tara mishi dangi. Anfirme, mai duba marasa lahiya, ya ɗaura mishi abin awon jini a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, 'Wa ya tuƙo wanga mutum?' Aka ce shi ya tuƙo kanshi, da kamiyo. Ya ce tansiyonshi, hawan jini ke nan, ta kai inda mutum ka hwaɗuwa bisa hanya ba sallama. Sun riƙe shi. An hana shi gishiri, an ce shi rage ƙwai, an hana shi tuƙi. Ba don azurhwarka ta nuna ba, da ban sani ba."

Ta sake yi mini godiya har da ɗan rusunawa, ta tafi. Na bi ta da kallo, kwandon ƙwan da na saya masa na safiyar nan yana gefena.

Tsohon nasara ya zo kamar yadda ya ce. Na shimfiɗa masa riyalolin a kan baƙin ƙyalle. Ya kafa lup, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Toka takan bar ƙananan zane a fuskar azurfa waɗanda ido ba ya gani, amma a cikin lup kamar gonar da aka yi wa huɗa suke. Ya ɗago ya ce da 'yar Hausarsa, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Wata likita."

Ya girgiza kai ya ce, "Domaj," wato kaico a bakinsu. Ya sha shayi, ya yi mini sallama ta mutunci, ya tafi hannu wofi. Da sanyi ya ƙare na kwashe kayana. Riyalolin na narka su na yi zobba, domin wankakken riyal nauyinsa kawai ya rage masa. Yau in kun shiga wurin sayen salula a bakin tsohuwar kasuwa, gurbin gwiwar maigidana yana ƙarƙashin siminti, daidai inda kuke tsayawa. Ya yi mini ciwo, har yanzu ba na bin layin nan in ina da wata hanyar.

Shi ke nan yadda na dawo gindin bango. Wannan siririn tsohon da kuke gani kullum a gefena yana cin salati ba gishiri yana tsaki, shi ne Abarshi. Ta fuskar sana'a ya gama lalacewa. Ba gawayi, ba ƙwai, ba gumi, ko cokali ka ɗaura masa shekara ba zai sauya ba. Nakan gaya masa haka, ya ce in je in kai ƙara wurin Mariyama. Ba wanda ya taɓa yi mata bayani a cikinmu. Ni dai ban ga ta inda zan fara ba, tunda a lissafinta ba inda ta yi kuskure, mijinta kuma ga shi zaune.

Riyal ɗaya ta roƙa in bar masa, na bari. Yana ƙugunsa yanzu haka cikin tsohuwar lalita. Duk Juma'a takan buɗe ta duba, in ya fito masallaci ya biyo ta nan sai in ce, "Yaya?" Ya ce, "Hwari." In ce alhamdulillahi. Rayuwata duka na yi ta ina roƙon Allah azurfa ta nuna, wannan ɗayan kuwa kullum roƙona kada ya nuna.